Xone ko DJM: wace miksa ce ta fi sauti, kayan aiki da ƙarko?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya. Shekara uku ke nan ina haɗa kiɗa da kwanturola da kwamfuta, yanzu kuma na ƙudura in koma miksa mai zaman kanta, wato na'urar gauraya sautin waƙoƙi, in haɗa ta da na'urorin kunna waƙa guda biyu, wataƙila nan gaba in ƙara tantebur na faifan garmaho. Idona ya tsaya kan guda biyu: DJM-900NXS2 ta Pioneer DJ da Xone:96 ta Allen & Heath. Duk inda na leƙa sai in ji ana cewa Xone ta fi daɗin sauti, DJM kuma ta fi kayan aiki, amma har yau ba wanda ya zauna ya faɗa min mene ne wannan daɗin da ake ta faɗa. Abu uku nake so ku auna min: sauti, abin da kowace take iya yi, da ƙarko. Kiɗana mai dogon haɗi ne, nakan bar waƙa biyu suna tafiya tare minti ɗaya ko biyu. Ba na karce faifai, wato jan faifai gaba da baya da hannu don fitar da sauti.

Tsohon Garmaho:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tunda ka ce dogon haɗi kake yi, to ka riga ka amsa rabin tambayarka da bakinka. Ɗauki Xone.

Bari in faɗa maka dalili, kada ka ce son zuciya ne. DJM-900NXS2 maɓallan gyaran sauti uku gare ta a kowane layi, wato hanyar da kowace waƙa take bi a cikin miksa: sama, tsakiya da ƙasa. Xone:96 huɗu gare ta, domin ta raba tsakiya gida biyu. Wannan rabon ba ado ba ne. Muryar mawaƙi da jikin ganga duk a tsakiya suke zaune, amma ba wuri ɗaya ba. In waƙa biyu suna tafiya tare, abin da ke sa su cakuɗe su zama laka shi ne tsakiyar ƙasa, can inda jikin ganga da ƙasan fiyano suke haɗuwa. Da maɓalli huɗu za ka rage wannan wurin kaɗai ka bar murya tana fita tas. Da uku kuwa, in ka rage tsakiya, muryar ma ta tafi.

Sannan ga filta, mai tace sauti ta yanke wani sashensa. Tun Xone:92, wadda ta daɗe tana aiki a manyan gidajen rawa tun farkon shekarun 2000, filtar Allen & Heath ce abin da mutane suke bi. Guda biyu ce, ka tura layin da kake so ga wadda kake so, ka zaɓi ko sama za ta yanke, ko ƙasa, ko ta bar tsakiya kawai, ka kuma saita kaifinta daga laushi zuwa zafi. Analog ce tsantsa, wutar sautin ce take bi ta cikin kayan lantarki ba tare da an mayar da ita lissafi ba. Haka aka faro sana'ar nan. Miksar Bozak a shekarun 1970, UREI 1620 a farkon shekarun 1980, irin waɗanda DJ Larry Levan ya yi aiki da su a gidan rawar Paradise Garage na birnin New York, duk analog ne, maɓallan murɗawa kawai, ba kurosfeda (maɓallin zamewa da ke kai sauti daga wata waƙa zuwa wata) ba kwalliya. Har yau ana neman irin wancan sautin.

Ɗan Dijital:
Baba, da girmamawa, amma akwai abin da kullum masu son analog suke tsallakewa. Waƙar da Sabon Hannu zai kunna daga ina take fitowa? Daga filashi, fayil ce ta dijital. To dole sai an mayar da ita wutar sauti a wani wuri. In ya haɗa da Xone ta wayar RCA, na'urar kunna waƙar ce za ta yi juyin. In ya haɗa da DJM ta wayar dijital, lissafin zai shiga miksa yadda yake, a gauraya shi a ciki, a juya shi sau ɗaya tak a bakin fita. Ina analog tsantsa a nan? NXS2 tun fitowarta a 2016 take aiki a kan 96 kHz, lissafin cikinta kuma 64-bit. Wannan ya wuce abin da kunnen ɗan Adam zai iya kamawa nesa ba kusa ba.

Kuma a yi maganar gaskiya, ƙanena: in aka gayyace ka kiɗa a babban wuri, galibi DJM za ka tarar a kan tebur. Hannun da ya saba da ita a gida ba zai yi lalube a duhu ba. Ga Pro DJ Link da ke sa miksa ta san gudun waƙar da ke tafiya, sai amsa-kuwwa da sauran kwalliyar sauti su zauna daidai kan bugu ba sai ka saita da hannu ba. Ga maɓallin launi a kowane layi, ka murɗa hagu ya yanke sama, ka murɗa dama ya yanke ƙasa. Xone ba ta da kwalliya a ciki in ban da filta da ɗan abin ƙara wa sauti kaushi da suke kira Crunch. Kana son amsa-kuwwa, sai ka sayi wata na'ura ka jona ta waje.

Tsohon Garmaho:
Wannan jonawa ta waje ai ita ce alherin. Xone hanya biyu gare ta ta aika sauti zuwa na'urar waje, ka zaɓi na'urar da kunnenka ya yarda da ita, ba wadda aka ɗaura maka ba.

Ɗan Dijital:
Ƙarin waya, ƙarin kaya, ƙarin abin da zai iya lalacewa ana tsakiyar taro, Baba.

Mai Sauti:
Ku ba ni dama in sa baki, domin ni ne nake tsaye a ƙarshen wayar. Aikina kula da amfilifaya da sifikoki ne, duk abin da ya fito daga miksar DJ a hannuna yake sauka. Na karɓi sauti daga DJM, daga Xone, daga Rane, daga Denon, kuma abin da zan faɗa na san ba zai yi wa kowa daɗi ba: a dare goma da sauti ya ɓaci, da wuya ka sami ɗaya da laifin miksa ne. Hannun da ke kanta ne.

Kowace miksa tana da iyakar ƙarfin da za ta iya ɗauka. Fitilun nan kore, ruwan lemo da ja da ke gefen layi ba don kyau aka sa su ba. In ka murɗa gen, wato maɓallin ƙarfin shigar sauti, har fitila ta zauna a ja, kan igiyar sautin ake askewa, ganga ta daina bugu ta koma tari, kuge ya koma tsaki mai soka kunne. A dijital iyakar bango ce, da ka kai ta shi ke nan, babu sama da ita. A analog ma akwai iyakar, sai dai wasu da'irori sukan shiga cikinta a hankali, shi ya sa kunne yake ɗan yafe musu. Ina zargin rabin sunan da analog ta yi na ɗumi daga nan ya fito: mutane suna tura miksoshi biyun fiye da kima, ɗaya tana ɓata sautin da ladabi, ɗaya tana ɓata shi da tsawa. Amma duka biyun ɓatawa ne.

Ga wani abu kuma da masu dogon haɗi irinka ya kamata su riƙe, Sabon Hannu. In ka buɗe layi biyu a tare, ƙarfin yana taruwa. Waƙoƙi biyu mabambanta masu ƙarfi ɗaya sukan ƙara kusan desibel 3, in kuma gangunansu suka faɗi daidai kan juna, ƙarin yana iya kai wa desibel 6 a wannan bugun. Ke nan in kowane layi yana gab da ja shi kaɗai, da ka haɗa su babbar mafita ta fashe. Ka bar kowane layi yana wasa a ƙarshen kore, yana leƙa ruwan lemo in ganga ta buga. Kana son ƙara, ka ce da ni in ƙara daga amfilifaya. Wanda ya kiyaye wannan, ko da ƙaramar miksa ce zai fi wanda ke kan babbar miksa yana zaune a ja.

Sabon Hannu:
Yaya Mai Sauti, wannan ya shige ni. To kana nufin babu bambancin sauti ke nan tsakaninsu sam?

Mai Sauti:
A'a, ban ce babu ba. Cewa na yi in duk maɓallai suna tsakiya, ƙarfi kuma yana inda ya dace, bambancin manyan miksoshi ƙanƙani ne ƙwarai. Da ka fara murɗa gyaran sauti da filta kuwa, sai ya fito fili, domin kowane kamfani da wurin da ya zaɓa ya yanka da kuma zurfin yankan. Misali DJM tana da makunnin da ke ba ka zaɓi biyu: ko maɓalli ya rage har desibel 26, ko ya kashe wannan sashen gaba ɗaya. Wannan bambancin hali ne, ba na inganci ba.

Kuma in za ka gwada, ka kiyayi tarko ɗaya. Kunnen mutum yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin abin da ya fi daɗi. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa ba ma jin ƙasa da sama sosai in sauti ya yi ƙasa-ƙasa, suna ƙara bayyana ne yayin da ƙarfi ya ƙaru. Saboda haka in miksa ɗaya ta fi ɗaya da desibel 1 kacal, za ka rantse ta fi bes, ta fi haske. Sai ka daidaita ƙarfinsu da ma'auni, ba da kunne ba, sannan wani ya riƙa sauya maka ba tare da ka ga wadda ke aiki ba.

Tsohon Garmaho:
Malam Mai Sauti, na yarda da maganar ja ɗari bisa ɗari, na sha faɗa wa yara. Amma ban yarda a ce shekara talatin da na yi ina sauraro duk ruɗin ƙara ba ne. Ɗora allura kan faifai, ka saurara ta miksa biyu, ka zo ka ce min ɗaya suke.

Mai Gyara:
Baba ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma a nan ina bayansa. Faifan garmaho daban yake da fayil. Abin da allura take fitarwa ɗan mitsitsi ne, 'yan milibolt kawai, sai an ɗaga shi kusan desibel 40, wato ninki ɗari, kafin ya kai matsayin sauran layuka. Ba ɗagawa kaɗai ba: lokacin da ake yanka faifai ana rage bes a ƙara sama bisa ƙa'idar RIAA, don ramin ya ɗauki waƙa mai tsawo, huci kuma ya ragu. To dole miksa ta juya wannan daidai wa daida, ta mayar da bes ta sauke sama. Ƙaramar da'irar da ke wannan aiki ita ce inda kamfani yake nuna ko ya kashe kuɗi ko ya yi tsimi. In ta yi arha za ka ji huci a bayan waƙa, ko bes ya zama fanko, ko ta shaƙe in faifan mai ƙarfi ne. A nan kam bambanci tsakanin ƙaramar miksa da babba ba ya ɓuya. Duk mai niyyar tantebur, da faifai ya kamata ya gwada miksa, ba da filashi ba.

Kuma kada a manta da siririyar wayar ƙasa da ke fitowa daga tantebur. In ba a ɗaure ta a kusar bayan miksa ba, gurnanin wutar lantarki na 50 ko 60 Hz zai cika sifika. An sha kawo min miksa wai ta lalace, ashe wannan 'yar wayar ce ta kwance.

Tsohon Garmaho:
Madalla, Injiniya. Abin da nake ji ke nan, kai ka sa masa suna.

'Yar Feda:
Sannunku. Na ga ana ta maganar kunne, ba wanda ya yi maganar yatsa. Na san Sabon Hannu ya ce ba ya karce, amma akwai masu karantawa da suke yi, kada su ɗauka zaɓin duniya biyu ne kawai. Mu masu karce miksarmu daban ce: layi biyu, fili a kusa da kurosfeda don kada hannu ya yi karo da komai, da feda, wato maɓallin zamewa, mai santsi wadda take buɗe sauti da ɗan motsi kaɗan. Irin su DJM-S9 da ta fito a 2015, da S11 da ta biyo baya a 2020, da Rane Seventy. Duk an gina su ne don Serato, manhajar DJ ta kwamfuta.

Abin da ya sauya mana rayuwa shi ne feda marar gogayya. Tsohuwar feda ƙarfe ne yake gogar layin gawayi, a hankali gawayin ya cinye, ƙura ta shiga, sai ka ji ƙaras-ƙaras, ko ka rufe feda amma waƙa tana ɗigowa. Wanda yake karce awa biyu kullum yakan cinye irin wannan cikin 'yan watanni. Rane ta kawo ta maganaɗisu tun kan miksarta TTM 56, babu abin da ke taɓa wani, na'ura ce take karanta inda maganaɗisun yake. Fedar Magvel ta Pioneer ma maganaɗisu ce. Fedar Innofader kuma, wadda take cikin Xone:96, ita ma ba ta gogayya, kuma ana iya sayenta daban a sa wa miksoshi da yawa. Ni da kaina na taɓa ceto wata tsohuwar miksa da ita.

Amma ƙanena, kai da kake dogon haɗi, ba kurosfeda ce damuwarka ba. Fedojin layi ne. Ka duba tsawonsu, ka duba nauyinsu a yatsa, ka duba ko akwai makunnin sauya yadda sauti yake hawa. Fedar da take zuba rabin ƙarfinta a santimita ɗaya na ƙarshe za ta wahalar da kai.

Sabon Hannu:
Na gode Yaya. Wallahi ban taɓa tunanin yadda sauti yake hawa a feda ba, ina dai turawa ne.

Ɗan Dijital:
Duk da haka ni ina nan kan bakana. Ana ta ɗaukaka tsohon yayi alhali duniya ta wuce wurin. DJM-A9 da ta gaji NXS2 a 2023 har Bluetooth gare ta, da mafitar hedifon biyu masu zaman kansu don mutum biyu su yi kiɗa tare kowa yana jin nasa. Wanda ya tsaya kan analog ya tsaya ne kan tarihi.

Tsohon Garmaho:
Yaro, Xone:96 tun 2018 take da hedifon biyu masu zaman kansu, da mashigar USB biyu don kwamfuta biyu. Ka bincika kafin ka kira mutane masu tarihi.

Shugaban Zaure:
A sassauta, jama'a. Ɗan Dijital, Baba ya girme ka a sana'ar nan, a gyara lafazi. Baba, a yi haƙuri. Tambayar ƙarko har yanzu ba a amsa ta ba. Injiniya, bismillah.

Ɗan Dijital:
Na karɓa. Baba, a gafarce ni, zafin muhawara ne.

Tsohon Garmaho:
Ba komai, ɗana. Kuma in an bi ta nutse, ni da kai kusan hanya ɗaya kamfanonin suke kai mu. Dubi DJM-V10 ta 2020: layi shida, maɓallan gyara huɗu a kowane layi, filta daban. Wa take kwaikwayo in ba tsarin da nake yabo ba? Dubi miksar euphonia da AlphaTheta, wato kamfanin da ke da Pioneer DJ, ya fitar a 2024: ta murɗawa ce irin ta da, cikinta dijital, amma sai da suka sa mata taransifoma da aka tsara tare da kamfanin Rupert Neve Designs don sautin ya sami jiki. Su kuma masu analog sun sa USB. Kowa ya leƙa gidan ɗan'uwansa ya ɗauko abin da ya rasa. Har miksar Model 1 da DJ Richie Hawtin da injiniya Andy Rigby-Jones suka fitar a 2016, analog ce mai layi shida ba ta da kurosfeda ko ɗaya, amma an yi ta ne da tunanin mai kiɗa da kwamfuta.

Mai Gyara:
To ga maganar ƙarko, daga wanda yake buɗe cikinsu.

Abu na farko, kada nauyin ƙarfe ya ruɗe ka. Duk manyan nan jikinsu ƙarfe ne, NXS2 kilo 8 ce. Ba jiki ne yake mutuwa ba. Abin da ke mutuwa abin da ke motsi ne: feda, maɓallin murɗawa, maɓallin dannawa na sauraron layi a hedifon, ramin hedifon, da ramukan RCA na baya da ake cusawa ana zarewa kullum. Saboda haka tambayar da ta fi "wace ce ba ta lalacewa" amfani ita ce "wace ce in ta lalace za a iya gyarawa".

Ka kama maɓallin murɗawa ka ɗan girgiza shi gefe da gefe. In an ɗaure shi da noti a jikin farantin sama, ba zai yi rawa ba, kuma in wani abu ya faɗo masa, ƙarfe ne zai sha dukan. In kuwa dalma ce kaɗai ta riƙe shi a kan allon lantarki, duk dukan da ya sha allon ne yake sha, wata rana dalmar ta tsage, layi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Sannan ka tambaya: fedar layi tana fita ita kaɗai da 'yar wayarta, ko sai an kwance miksa duka an narka dalma? Akwai miksar da nake sauya wa feda cikin minti goma, akwai wadda take cin yini. Haka kuma wadda kowane layi yake da allonsa daban ta fi sauƙin gyara a kan wadda aka shimfiɗa komai a allo ɗaya.

Analog tana da wata fa'ida a teburina: yawancin kayan cikinta gama-gari ne, kafasita, resista, ƙananan amfilifaya, ana samunsu ko bayan shekara ashirin. Dijital in babban allon lissafinta ya mutu, sai dai a nemo irinsa daga kamfani. Amma ita ma tana da tata fa'idar: a yawancinsu sauti ba ya bi ta cikin feda, feda tana gaya wa kwakwalwar na'urar matsayinta ne kawai, don haka tsufanta ba ya saurin shiga sauti.

Kuma ka duba ko kamfanin yana raye yana sayar da kayan gyara. Vestax ta yi suna ƙwarai, PMC-05 Pro tata ta raini masu karce da yawa, amma tun da kamfanin ya rufe a 2014 masu irinta suke farautar kayan gyara a jikin matattun miksoshi. Miksar da ta yaɗu a duniya kuwa, kayanta ma sun yaɗu. A wannan fannin duka biyun da ka zaɓa suna da kyau.

In ta hannu za ka saya, kada ka karɓa sai ka jona ta. Ka kunna waƙa a kowane layi, ka ja kowace feda a hankali daga ƙasa zuwa sama kana saurare a hedifon, ka murɗa kowane maɓalli har ƙarshe, ka gwada kowane rami na baya. Ka rufe feda ka ƙara ƙarfi ka ji ko akwai ɗigo. Ka shinshina ramukan iska, ka duba ko maɓallai suna danƙo, domin abin sha da ya zube a ciki yakan yi wata da watanni yana cin allon kafin ya nuna kansa. Na taɓa buɗe wata da waje take kamar sabuwa, ciki kuwa tsatsa ta cinye ƙafafun layi biyu.

Mai Sauti:
In ƙara kan na Injiniya: ka fita daga miksa zuwa amfilifaya ta wayar XLR, ba RCA ba, musamman in wayar ta wuce 'yan mitoci. XLR tana ɗauke da sautin sau biyu, ɗaya a juye, sai hayaniyar da waya ta kwaso a hanya ta soke kanta a ƙarshe. Kuma ka duba fayilolinka. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa ba miksar da za ta mayar masa da abin da aka riga aka zubar.

Sai kunnenka, ƙanena, wanda ya fi kowace miksa daraja. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wurin tsayuwar DJ yakan wuce haka da nisa. Ka rage sifikar gabanka tsakanin haɗi da haɗi, ka nemi abin toshe kunne na mawaƙa. Jin da ya tafi ba ya dawowa.

Sabon Hannu:
Jama'a, na dawo bayan kwana tara. Na bi shawarar Yaya Mai Sauti. Wani abokina yana da Xone:96, wani wurin da nake kiɗa kuma suka ba ni aron NXS2 na yini ɗaya. Muka jona su kan sifika ɗaya, muka daidaita ƙarfi da sautin gwaji na 1 kHz har ma'auni ya nuna daidai, na juya baya, abokina yana sauyawa.

Da fayil, duk maɓallai a tsakiya, gaskiya na kasa rabewa. Wani lokaci in dace, wani lokaci in kuskure, kamar mai canki. Abin ya ba ni mamaki, domin kafin mu daidaita ƙarfin na riga na yanke hukunci a raina cewa ɗaya ta fi. Amma da muka fara haɗa waƙa biyu ina murɗa maɓallai, sai ga bambanci a fili. A kan Xone na rage tsakiyar ƙasa ta waƙar da ke fita, muryar sabuwar ta zauna a kanta ba tare da cakuɗewa ba, daidai yadda Baba ya kwatanta. Filtarta kuma tana tafiya a hankali, ban ji ta yi tsalle ba. A kan DJM kuwa hannuna ya fi sauri, komai yana inda nake zato, kuma amsa-kuwwar da ke bin bugu ta rufe min fita daga waƙa sau biyu da kyau ƙwarai. Ba mu sami tantebur ba, don haka ban gwada maganar faifai ba tukuna.

Na karkata ga Xone saboda maɓallai huɗun nan, ba don na ji ta fi tsabtar sauti ba. Abin da ke damuna kawai shi ne maganar Ɗan Dijital, kada hannuna ya manta DJM.

Ɗan Dijital:
Ba zai manta ba tunda kana kiɗa a wurin da suke da ita. Ka riƙa zuwa da wuri kana taɓa ta kafin mutane su taru. Kuma ka yi gwajin gaskiya, na yaba.

Tsohon Garmaho:
Ranar da ka sami tantebur ka maimaita gwajin da faifai, ka dawo ka faɗa mana. Ina son in ji, ko da sakamakon bai goyi bayana ba.

'Yar Feda:
Fedojin layin fa? Ka ji nauyinsu?

Sabon Hannu:
Na ji, Yaya, kuma na gwada makunnin sauya hawan sauti a duka biyun. Mai hawa a hankali ya fi dacewa da ni. Injiniya, tambaya ta ƙarshe: in zan sa na'urar amsa-kuwwa ta waje, irin ta masu jita za ta yi, ko sai wadda aka yi don miksa?

Mai Gyara:
Za ta iya yi, amma ka duba abu biyu a takardarta. Na ɗaya, ta karɓi ƙarfin layi, domin wasu an yi su ne don ɗan ƙaramin ƙarfin jita, in ka tura musu na miksa sai su shaƙe. Na biyu, ta iya fitar da amsa-kuwwar ita kaɗai ba tare da asalin sautin ba, in ba haka ba waƙar za ta dawo ta hau kanta ta yi kauri marar daɗi. In ta sitiriyo ce ya fi. Ka turo min sunan wadda ka gani kafin ka saya, in duba maka.